Ramar Inna a Saman Bene a Guangzhou

Tun da na dawo daga China ba a bar ni na huta ba. A bakin shago, a ƙofar masallaci bayan La'asar, har a wurin ta'aziyya sai wani ya matso ya ce, "Haladu, yaya ƙasar take? Da gaske suna cin maciji?" Ni kuma idan aka taru a kaina sai bakina ya harɗe, in fara daga tsakiya, in manta farko, in koma gida ina tunanin ko na ƙara abin da bai faru ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a tsanake, wanda ya tambaya in miƙa masa. Inda na manta zan ce na manta.

Abin da ya kai ni a fili jakunkunan mata ne. Sana'ata ke nan a Kano, kuma shekara da shekaru yayana Mamuda ne yake sayo mini a can ya turo. Yana zaune a Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu suke kira Gwanzu. Ya daɗe bai zo gida ba. Kullum da dalili: ana sabunta takardun zamansa, in ya fita ba tabbas a bar shi ya koma, kayan mutane suna hannunsa. Yaran da aka haifa a gidanmu bayan tafiyarsa har sun shiga makaranta, a waya kawai suka san shi.

Ana gobe zan tashi na je yi wa Inna sallama. Yaya shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗar sunansa, kuma ban taɓa jin ta ce tana kewarsa ba. Ko an miƙa mata waya, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka" ne, sai ta mayar. Ranar ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli a tsumman tsohon ɗankwali. Irin rama ne, na ramar da take shukawa a bayan ɗakinta kowace damina tun muna yara.

"Ka kai wa wancan," ta ce. "Ba miƙa masa za ka yi ba, na san shi, a aljihu zai bar shi ya ruɓe. Ka shuka masa da hannunka. Kada ka juyo sai ka ga ya ci."

"Inna, bizar wata biyu fa kawai aka ba ni."

"Rama na ba ka, ba kuka ba."

Ta haɗa mini da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce na kwaɗon ne, kada mu taɓa. Tun daga wannan lokaci jakunkunan suka koma bayan zuciyata, ƙullin ya dawo gaba.

Daga Kano muka sauka a Addis Ababa muka canza jirgi. A can na haɗu da Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, babban mutum mai yawan dariya, wanda yake sayen wandunan jins a wani gari kusa da Gwanzu da ake kira Xintang. Kujerarsa tana kusa da tawa. Ya ga ina ta leƙen taga ina duba agogo, ya ce mi ya faru. Na ce ban san ko lokacin sallah ya shiga ba, rana tana gudu ba yadda na saba ba, kuma ban san ina alƙibla take ba.

"Bakano," ya ce, "Allah ya san jirgi. Yi sallarka ka huta."

Na yi, amma da muka sauka sai da na rama duka, don hankalina ya kwanta.

Kafin mu sauka ne ya tambaye ni abin da na ɗauko. Na lissafa masa: kilishi, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, da irin rama. Ya ce nama ba ya shiga ƙasar, irin shuka ma suna tsananta shi. Shawararsa ita ce in tura ƙullin cikin hula in yi tafiyata. Na gwada. Na sa a hula na yi taku kamar goma, sai na ji kamar duk filin jirgin kaina suke kallo. Na kasa. Na juya na tafi wurin jami'in da yake duba kaya, na zazzage masa komai a tebur.

Kilishin ya fara ɗauka ya jefa a wani kwando, ko kallona bai yi ba. Ya buɗe daddawa ya sunsuna, ya ja da baya, ya rufe da sauri ya turo mini. Da ya zo kan ƙullin sai na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Turancina kaɗan ne, nasa ma haka. Na durƙusa na nuna masa ana tona ƙasa, na ɗaga hannu na nuna tsiro yana tashi, na kai hannu baki na nuna ana ci. Ya dube ni, ya dubi layin mutanen da suke bayana, ya haɗa ƙullin da yajin ya turo mini, ya yi mini alama in wuce. Har yau ban tabbata ya fahimce ni ba. Na dai san ban ɓoye ba.

Yaya yana jirana a waje. Na gane shi, amma sai da na sake dubawa. Furfura ta fito masa a gemu, kuma ya koyi tafiyar mutanen garin, da sauri, kai a ƙasa. Ya rungume ni ya ce, "Ina kilishina?" Na gaya masa. Ya ce, "Kai dai Haladu ba ka canza ba."

Masaukinsa ɗaki biyu ne a hawa na shida na wani tsohon bene, babu na'urar hawa. Tagogin duk an yi musu keji da ƙarfe, kowa ya rataye wankinsa a ciki, har da abin da mu ba ma shanyawa a gaban mutane. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Maƙwabta ba sa gaisawa a matakala. Kwana uku ina yi wa kowa "nihau", wato sannu, suna kallona kamar zan roƙe su wani abu.

Abinci kuwa, Yaya ya kai ni wurin Musulmin China masu farar hula, waɗanda suke jan taliya da hannu a gabanka har ta yi sirara. Tana da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Da tsinke biyu suke ci, ni dai cokali na roƙa. Amma abin da na lura shi ne yadda Yaya yake ci. Yana ci ne kamar mai shan magani, ya gama ya tashi. A gida shi ne mai siɗe kwano.

Da muka koma na ciro ƙullin na ajiye a gabansa. Ya kwance a hankali. Ya daɗe yana kallon tsumman, ba irin ba.

"Wannan ɗankwalin da ta yi Sallah da shi ne, shekarar da na taho," ya ce. Ya sa a hanci, sannan ya ɗaure. "Ba za ta yi ba a nan. Na gwada yakuwa, na gwada alayyafo. Ruwa yana kashe su. Kasuwar ganye kuma na zagaye ta, ganye iri-iri, wasu ko sunansu ban sani ba, amma da na nuna hoton rama sai su ce meyo." Meyo shi ne babu. Ita ce kalmar da na fi ji a ƙasar.

Ya kai ni saman benen, inda aka yi dandamali na shanya. A gefe ɗaya akwai tukwanen robansa guda uku, ƙasar ciki ta daskare kamar bulo. A ɗaya gefen akwai akurkin tantabaru na wani tsoho, mahaifin matar da take kula da gidan. Ban iya faɗar sunansa ba, Baba mai tantabaru muke ce masa. Na taɓa ƙasar Yaya na ce matsalar ba ruwan sama ba ce, ƙasar ce ba ta numfashi.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai lambu ne, kuma ni ne na zauna da shi a lambun lokacin da Yaya ya tafi kasuwa. Idan zai yi renon tumatir, ƙasa huɗu yake haɗawa: ta shuri, da rairayin rafi, da tsohon takin awaki, da tokar murhu. Sai ya ɗiba ya matse a hannu. In ta dunƙule, ya taɓa ta da yatsa ta warware, ta yi. In ta ƙi dunƙulewa yashi ya yi yawa, in ta ƙi warwarewa laka ta yi yawa. A Gwanzu babu shuri, babu akuya, babu murhu.

Yaya ya ce abu mai sauƙi ne, ana sayar da haɗaɗɗiyar ƙasa a buhu. Muka je shagon furanni. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, har na ji daɗi. Sai na ce ya karanta mini abin da aka rubuta a jikin buhun. Ya ɗora waya a kai ta fassara: akwai kashin dabbobi a ciki.

"Wace dabba?"

Ya tambayi mai shagon. Mai shagon ya ɗaga kafaɗa.

"Yaya, a ƙasar nan wace dabba ce ta fi yawa?"

"Haladu, don Allah. Ai ko na alade ne, ya riga ya zama ƙasa. Malamai sun yi magana a kan wannan."

"Na sani. Amma ramar Inna ce, kuma bakinka za ta shiga."

"Bakina ne ai, ba naka ba."

Na ce ya yi haƙuri. Na san wataƙila shi ne da gaskiya, amma da na shuka a cikinta da ban ƙara barci mai daɗi ba. Muka fito hannu biyu, mai shagon yana binmu da kallo.

Haka na shiga neman ƙasa a garin da kowa ya zo neman kaya. Ranar da muka ɗauki mota zuwa Shiling, garin jakunkuna, na ga abin mamaki: titi bayan titi ba abin da ake yi sai jaka, ana yanka fata, ana ɗinki, ana lodi. Muka zaɓi kala, muka ba da aiki, suka ce sai bayan sati shida. Amma ni idona yana bayan masana'antar, inda aka tone rami jar ƙasa ta fito. Na ce Yaya ya roƙar mini mai wurin. Lauban ɗin, wato maigidan, ya sa aka maimaita masa sau biyu, sannan ya yi dariya har da tari, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya zo daga Afirka sayen jaka ya roƙi ƙasa ba. Da kansa ya kawo mini shebur. Direban da ya dawo da mu bai ji daɗi ba ko kaɗan.

Rairayi Alhaji Isufu ne ya kawo mini daga Xintang, a cikin ƙafar wani wandon jins da ya lalace, ya ɗaure bakin da igiya. Ya hau hawa shida yana haki, ya jefar ya ce, "Wallahi ko uwargidana ba ta taɓa sa ni dakon yashi ba." Toka na samo wurin masu farar hular nan, suna gasa naman rago da gawayi. Ɓuntun shinkafa kuma wata mai sayar da ƙwai ta ba ni, a cikinsa ake jera mata ƙwan, shi ne zai sa ƙasar ta yi sako-sako. Na tara ɓawon ƙwai na daka da kwalba. Ganyen shayin da Yaya yake zubarwa ma na hana, na riƙa shanya shi.

Saura taki. Kullum ina kallon ƙarƙashin akurkin Baba mai tantabaru, inda kashinsu ya taru ya bushe. Amma ba nawa ba ne, ban iya ɗiba ba tare da izini ba. Wata safiya na same shi yana ba su hatsi, na nuna kashin, na nuna bokitina. Ya dube ni da kyau. Sai ya ture sabon da ƙafa, ya tono na ƙasa, tsoho wanda ya zama gari, ya cika mini kwano. Nan na gane manomi ne, don wanda bai yi noma ba bai san sabon kashin tsuntsu yana ƙona saiwa ba. Na ce "shiye-shiye", na gode ke nan. Ya tsuguna yana kallona.

Na shimfiɗa buhu na zuba jar ƙasa kwano uku, rairayi biyu, ɓuntu biyu, taki ɗaya, toka da ɓawon ƙwai da ganyen shayi tafi-tafi. Na yayyafa ruwa ina juyawa da hannu. Na matse, ta ƙi warwarewa. Na ƙara ɓuntu da yashi. Na sake matsewa, na taɓa da yatsa, ta buɗe. Tsohon ya miƙo hannu ya ɗiba, ya matse, ya taɓa da yatsa daidai yadda mahaifinmu yake yi. Ya gyaɗa kai. Sai da na juya baya na ɗan lokaci, don idona ya kawo ruwa.

Na samo bokitan fenti biyar na wanke, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi, na jera fasassun tayil a ƙasa don ruwa ya riƙa wucewa. Na bar ƙasar ta kwana shida ina juya ta, zafin takin ya fita. Sannan na yi bisimilla na shuka. Kwana huɗu suka tsiro.

Daga nan Yaya ya fara hawa sama. Da farko cewa yake ya zo shan iska. Daga baya na riƙa samunsa da safe a tsugune gaban bokitan, shayinsa ya huce a hannu. Wata rana ya ce, "Har yanzu tulun nan yana bayan ɗakinta?" Na ce yana nan. "Bishiyar zogalen fa?" Na ce ta faɗi bara.

Wanda ya san rama ya san ganyenta na farko faffaɗa ne. Sai ta yi tsawo sannan na sama su fara rabuwa kamar yatsun hannu. A sati na biyar suka rabu. Ranar Juma'a Alhaji Isufu ya biyo mu daga masallaci ya hau ya gani. Ya tsaya, ya riƙe haɓa.

"La ilaha illallahu. Malam Haladu, wiwi kake nomawa a ƙasar mutane?"

"Subhanallahi, Alhaji! Rama ce!"

"Ni na san rama ce, Maraɗi aka haife ni. Su fa? Ka san abin da suke yi wa mai wiwi a nan? Ba tara ba ce, ɗan'uwa." Ya yi dariya ya bubbuga kafaɗata. Shi wasa yake yi. Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba.

Na sake kallon ganyen, na ga lallai sun yi kama da hoton da ake bugawa a jikin rigunan 'yan iska. Na duba benayen da suke kewaye da mu, tagogi ɗari suna kallon saman namu. Na tuna jami'in filin jirgi da ban tabbata ya gane ni ba. Na tuna takardun Yaya. A nan na yi wautar da ta fi kowace a tafiyar. Na kwaso kwalayen jakunkuna na kewaye bokitan, na ɗaura zanen gado a sama. Abin da ya yi sati biyar yana fili ba wanda ya kula, sai na mayar da shi abin ɓoyo. In na ji taku a matakala sai in tashi in tsaya a gabansa.

Kwana biyu aka yi. A na uku da hantsi, matar da take kula da gidan ta hau shanya, ta ɗaga zanen, ta saki ƙara ta sauka da gudu. Kafin Azahar ta dawo da ɗan sanda.

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya miƙa fasfo ɗinmu da hannu biyu, yana magana da harshensu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ɗan sandan matashi ne, bai yi tsawa ba, amma ya ɗauki hoton bokitan, ya ɗauki hoton kwalayen, ya nuna zanen ya yi tambaya.

"Yana cewa in abinci ne me ya sa aka rufe," Yaya ya ce, bai dube ni ba.

Ɗan sandan ya ƙara magana. Yaya ya ce za a tafi da bokitan duka a bincika, mu ma mu bi shi. Ya juyo ya ce da ni a hankali, "Ka bar su su ɗauka. In ya ce a tuge, ni zan tuge da hannuna. Shekaruna a nan kada su tafi a kan ganye."

Gaskiya ya faɗa. Amma saura kwana tara in tashi, in an tafi da su ba za su dawo da rai ba, kuma babu lokacin sake shuka. Ni da nake tsoron inuwata, ban san lokacin da na tsinki ganye ɗaya na sa a baki ba. Na tauna a gabansa, na tsinki wani na miƙa masa. Ya ja da baya, ya ɗaga hannu.

Sai ga Baba mai tantabaru ya hau, yana riƙe da gwangwanin hatsinsa. 'Yarsa ta tare shi da magana da sauri tana nuna mu. Ya zo ya tsuguna, ya shafa karan ramar, ya ji 'yan ƙayoyin jikinta. Ya zaɓi mafi tsawo ya karya. Na ji kamar yatsana ya karya. Ya sa farce ya ɓare ɓawon tun daga sama har ƙasa, ya raba shi biyu, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗora a cinya ya fara murzawa.

Igiya yake tufkawa. Igiyar rama, irin wadda muke ɗaure akuya da ita.

Na karɓi sauran ɓawon, na naɗe nawa wandon, na tsuguna kusa da shi na fara tawa. Da tsohon ya gama ya miƙa wa ɗan sandan ya ce ya ja. Ya ja, ba ta tsinke ba. Tsohon ya yi magana mai tsawo, har yana nuna 'yarsa da yatsa. Daga baya Yaya ya fassara mini: ya ce a ƙauyensu tun yana saurayi gona guda suke nomawa, su jiƙa a kududdufi su yi igiya da buhu, kuma yaran yanzu ba su san komai ba sai waya.

Ɗan sandan ya ɗora wayarsa a kan ganyen, ya karanta abin da ta nuna masa, ya kira wani ya yi magana. Sannan ya tsinki ɗan ƙaramin ganye ya ɗanɗana. Tsamin ya kama shi, ya runtse ido ɗaya. Ya mayar mana da fasfo, ya ce a kwashe kwalayen, suna iya jawo gobara. Abin da ya ba tsohon mamaki shi ne da ya ji wai ci muke yi. Ya ce shekara nawa yana nomanta bai taɓa sanin ana cin igiya ba.

Da suka sauka Yaya ya zauna a kan kwali. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Da ka bar ta a fili." Na ce na sani. Sai can ya ce, "Saura nawa?" Na ƙirga, goma sha ɗaya.

Ana jibi zan taho, bayan an yi lodin jakunkuna, na tsinki ganyen bokiti uku, na bar biyu su yi iri. Na tafasa, na zubar da ruwan farko, na matse. Duk wahalar nan ƙaramin kwano ɗaya ta ba da. Na ciro ƙuli-ƙulin Inna daga ƙasan akwatina inda na ɓoye wa Yaya shi wata biyu, na daka, na yanka albasa da tumatir, na sa yaji da gishiri da ɗan mai. Na ɗibar wa Baba mai tantabaru a murfi. Ya ci, ya ce "shiye-shiye" cikin ladabi, na ga ya faki idona ya ba tantabaru sauran. Alhaji Isufu ya zo da cokalinsa, amma da ya ga girman kwanon da fuskar Yaya sai ya ce ya tuna yana da alƙawari a kasuwar takalma.

Yaya ya wanke hannu ya zauna a tabarma. Ya yi loma ɗaya ya daɗe yana taunawa. Ya yi ta biyu. Bai yi mini tayi ba, ni ma ban sa hannu ba. Ya cinye, ya siɗe kwanon da yatsa yadda yake yi muna yara, sannan ya zauna da kwanon a cinya yana kallon bango.

"Yaya, ta yi?"

"Ta yi. Amma ba ta kai ta bayan ɗaki tsami ba."

Na ce wataƙila tokar ce ta yi yawa, ko na yi saurin tsinka. Ya girgiza kai ya ce ba laifina ba ne. Ya tashi ya wanke tsumman ɗankwalin ya shanya a kejin taga, tare da rigunansa. A filin jirgi bai ba ni saƙon baki ba. Ya dai riƙe hannuna har sai da jami'i ya ce masa iyakarsa ke nan.

Na sauka Kano da rana, ban je gidana ba sai da na biya wurin Inna. Na same ta tana tsince wake a faranti. Ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi jirgi, ta tambayi kaya, ta tambayi ko ana samun ruwan alwala a can. Sai da ta gama duk wannan, idonta a kan waken, ta ce, "Ya ci?"

"Ya ci, Inna. Har ya siɗe kwano."

"Me ya ce?"

A jirgi na yi ta shawara da zuciyata ko in ce ya yaba kawai. Amma ban iya ba. Na ce, "Ya ce ba ta kai ta bayan ɗaki tsami ba."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Na ga bakinta ya motsa kaɗan, kamar za ta yi murmushi ta fasa.

"Ai ba za ta kai ba," ta ce. Ta ture tsakuwa ɗaya gefe. "In kun yi waya ka gaya masa ta nan ta yi kyau bana. Na hana yara tsinka."